Abin da ya cinye dankalin Ailan a 1845, da yadda aka yi ta kuskuren gane shi

A watan Satumban 1845 ne manoma a Ailan suka fara ganin wani baƙin tabo a ganyen dankalinsu, dankalin turawa nake nufi ba mai zaƙin nan ba. Tabon daga bakin ganye yake farawa kamar an ɗiga masa tafasasshen ruwa, in ka juya ganyen ta ƙasa sai ka ga wani farin abu mai laushi kamar ƙurar auduga ya zagaye wajen. Cikin 'yan kwanaki gonar da take kore shar ta koma baƙi ƙirin, kara ya kwanta, wari ya tashi, kuma waɗanda suka ga abin da idonsu warin nan suka fi ambata, wai tun daga hanya kana jinsa kafin ka iso gonar. Abin da ya fi ɗaga hankali ma shi ne wasu sun haƙe dankalinsu sun same shi lafiya lau, suka yi hamdala suka zuba a rami suka rufe kamar yadda suka saba duk shekara, bayan 'yan makonni da aka buɗe sai aka tarar ya narke ya zama wani baƙin kwaɓi mai ɗoyi wanda ko alade ba zai ci ba.

Cutar ba a Ailan ta fara ba. An ganta a gabashin Amurka tun 1843, wajen Filadelfiya da Niyok, sai a watan Yunin 1845 ta ɓulla a Beljiyam, daga nan ta bi Holan da arewacin Faransa, ta tsallaka kudancin Ingila a watan Agusta, Ailan ce kusan ta ƙarshe. Duk ƙasashen nan sun yi asara, a Beljiyam da Holan ma mutane dubun-dubata sun mutu, tsaunukan Sikotlan su ma sun sha yunwa. Amma babu inda abin ya kai na Ailan, ko kusa. Ƙidayar 1841 ta nuna mutum miliyan 8 da kusan dubu 200 a tsibirin, ta 1851 ta nuna miliyan 6 da rabi. Kimanin miliyan 1 sun mutu, sama da miliyan 1 sun gudu sun bar ƙasar.

Ni abin da ya sa lamarin nan yake tsaya min a rai shi ne sau biyu ana kuskuren gane abin da ya yi ɓarnar. Karo na farko an ganshi ƙuru-ƙuru a madubin ƙara girma amma aka ce ba shi ne mai laifi ba. Karo na biyu da aka yarda shi ne, sai aka saka shi a dangin da ba nasa ba, aka yi sama da shekara 100 ana kiransa da sunan wasu. Kuma duka kuskuren biyu sun ja asara, ba gardamar malamai ce kawai ta cikin littafi ba.

Me ya sa Ailan

Kafin a zo kan ƙwayar, sai an fahimci yadda mutanen suke zaune. A wancan lokacin, tun daga 1801, Ailan tana ƙarƙashin gwamnatin Landan kai tsaye. Mafi yawan ƙasar noma tana hannun manyan masu filaye, da yawansu ma a Ingila suke zaune sai dai wakili ya karɓo musu kuɗin haya. Talaka yana karɓar ɗan fili haya, alkama ko hatsin da ya noma da aladen da ya kiwata na biyan haya ne, abin da zai ci da iyalinsa kuwa dankali ne, domin shi kaɗai ne abin da eka ɗaya da 'yan kai za ta ba ka wanda zai riƙe gida mai mutum biyar ko shida, ko da a ƙasa mara kyau mai duwatsu da laka. Kimanin mutum miliyan 3 kusan ba su da wani abinci sai shi. Namiji mai aikin ƙarfi yana iya cin kilo 5 zuwa 6 a rana, da ɗan madara, kuma gaskiya abincin yana riƙe jiki, matafiya na lokacin suna yaba ƙarfin jikin talakawan Ailan. Matsalar dai ita ce an zuba ƙwai duka a kwando ɗaya.

Sannan ga wani abu da ya shafi ita kanta shukar. Dankali ba da ƙwayar iri ake shuka shi ba, yanka tsohon dankalin ake yi a binne, wato kowace sabuwar shuka kwafin uwarta ce sak, ba wani gauraye. A tsaunukan Andis na Kudancin Amurka inda dankali ya samo asali manoma suna da iri ɗaruruwa har dubbai, amma abin da ya iso Turai a ƙarni na 16 kaɗan ne daga ciki, kuma a yammacin Ailan talakawa sun fi raja'a kan iri guda da ake kira Lumper, saboda yana yabanya sosai ko da ƙasa ba ta da ƙarfi. To ka ga duk abin da ya iya buɗe ƙofar shuka ɗaya ya samu mabuɗin miliyoyin gonaki kenan.

A 1845 an yi asarar tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin amfanin. Mutane suka sayar da abin da suke da shi, suka ci bashi, suka lallaɓa. A 1846 cutar ta dawo da wuri, tun a Yuli da Agusta, ta share kusan komai. A 1847, shekarar da suke kira baƙar 47, cutar ta yi sauƙi amma babu irin shukawa domin an cinye shi, don haka ɗan abin da aka noma bai kai ko'ina ba. A 1848 mutane suka yi ƙarfin hali suka sake shukawa da yawa, ta sake dawowa.

Gardamar farko: shin ruɓa ce ta haifi fumfuna ko fumfuna ce ta kawo ruɓa

A watan Oktoban 1845 firaminista Robert Peel ya naɗa kwamitin masana uku su je su duba, Lyon Playfair da Robert Kane masana kimiyyar sinadarai, da John Lindley masanin tsirrai. Lindley babban malami ne, ba wasa ba, amma ra'ayinsa shi ne yanayi ne ya jawo abin, wai damina ta yi sanyi da ruwa da yawa, dankali ya sha ruwan da ya fi ƙarfinsa ya fara ruɓewa daga ciki, farin abin da ake gani a ganye kuwa fumfuna ce da ta zo daga baya kamar yadda take fitowa a kan duk abin da ya lalace. A kan wannan fahimtar suka gina shawararsu, a busar da dankali, a yi ramin ajiya mai shan iska, aka buga takardu dubbai aka raba. Bai hana komai ba, domin abin yana cikin dankalin tun daga gona. Wasu kuma suka ce lantarkin da ke cikin iska ne, wasu suka ce hayaƙin jiragen ƙasa, wasu takin kashin tsuntsaye da ake shigowa da shi, wasu suka ce dankalin ne ya tsufa ya gaji.

Kar ka yi saurin raina su. A lokacin har yanzu masana da yawa suna ganin ƙananan halittu suna iya tsirowa da kansu daga abin da ya ruɓe, ba uwa ba uba, kamar yadda mutanen zamanin baya suka ɗauka nama ne yake rikiɗa ya zama tsutsa. Tun ƙarni na 17 Francesco Redi ya nuna cewa tsutsar nama ƙwan ƙuda ce, amma ga halittun da ido ba ya gani gardamar ba ta mutu ba. In ka yarda ruɓa tana haifar da rai, to ganin fumfuna a kan ruɓaɓɓen ganye ba hujja ba ce ta komai, ai dama haka ake tsammani. Wato tambayar nan ta daga ina rai yake fitowa, wadda mutum zai ɗauka ta masu falsafa ce, ita ce ta tsaya tsakanin masanan da ganin abin da ke gabansu.

Akwai waɗanda suka gani daidai. Charles Morren a Beljiyam tun a 1845 ya ce farin abin nan shi ne sanadi, ya ba da shawarar a yanke karan da ya kamu a ƙone. Camille Montagne a Faransa ya siffanta shi ya sa masa suna Botrytis infestans. Sai wani limamin coci a karkarar Ingila, Miles Joseph Berkeley, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin fumfuna da naman kaza, ya zana abin da ya gani a madubi, zare-zare suna ratsa cikin ganye mai rai suna fitowa ta ƙananan ƙofofin numfashinsa, ya buga a 1846 cewa ruɓar ce take biyo bayan fumfunar. Hujjarsa mai sauƙi ce, zaren yana nan a ɓangaren ganyen da bai riga ya mutu ba, a gefen tabon, yana gaba mutuwa tana binsa a baya. Amma su ne marasa rinjaye.

Ba a rufe maganar ba sai 1861, lokacin da Bajamushe Anton de Bary ya yi gwajin da ya kamata a ce an yi tun farko. Ya ɗauki shukoki masu lafiya ya raba biyu, ya barbaɗa wa kashi ɗaya ƙurar farin abin, ɗaya kashin ya kare shi, duka ya ajiye su a sanyi da laima iri ɗaya. Waɗanda aka barbaɗa wa suka kamu, sauran ko gezau. Laima ita kaɗai ba ta ruɓar da komai ba. A daidai shekarun nan ne Louis Pasteur a Faransa yake gwajinsa da kwalabe masu lanƙwasasshen wuya, yana nuna romo ba ya tsirar da komai in ƙurar iska ba ta shiga ba. A 1876 de Bary ya sake wa abin suna Phytophthora infestans, kalmar farko a Girkanci tana nufin mai hallaka shuka, kuma a shekarar ce Robert Koch ya nuna bakteriyar da ke kawo antaraks, wata cuta mai kashe dabbobi da mutane. Mutane da yawa suna ɗauka daga asibiti aka fara gane cewa ƙwayoyi ne ke kawo cuta, alhali gonar dankali tana cikin wuraren farko.

Wani abin takaici, maganin ma ba nisa yake ba. Tun 1807 Bénédict Prévost ya nuna cewa ruwan jan ƙarfe yana kashe ƙwayar wata cutar alkama. Amma tunda manya sun ce yanayi ne, wa zai tsaya fesa magani wa yanayi? Sai a shekarun 1880 Millardet a Faransa ya fito da haɗin Bordo, gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa a ruwa, domin cutar inabi, daga baya aka ga yana kare dankali ma. Shekara 40 bayan an binne mutane.

Yadda yake aikinsa

Abin yana kwana ne cikin dankalin da ya kamu, wanda aka ajiye don iri ko aka watsar a gefen gona ko aka manta a ƙasa. In ya tsiro sai zaren ya hau kara ya shiga ganye, da dare in akwai sanyi da laima sosai sai ya fito da rassa ta ƙasan ganyen, kowane reshe ɗauke da 'yan jakunkuna masu siffar lemon tsami, su ne farin da ake gani. Tabo ɗaya yana iya fitar da dubban ɗaruruwansu. Iska ta kwashe su ta kai wata gona. In jakar ta sauka kan jiƙaƙƙen ganye kuma da ɗan ɗumi sai ta tsiro kai tsaye, in kuwa sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15 ko makamancin haka sai ta fashe ta saki 'yan ƙwayoyi shida zuwa takwas masu iyo, e iyo, cikin ɗan ruwan raɓar da ke kan ganye, su sami waje su manne su huda. Kwana huɗu ko biyar sabon tabo ya fara fitar da nasa. Lissafa wannan sau da yawa cikin damina guda a tsibirin da kusan kullum yayyafi ake da hazo, za ka gane yadda gona take ƙonewa a mako ɗaya ba wuta. Ruwan sama kuma ya wanke jakunkunan daga ganye zuwa cikin ƙasa su kama dankalin, shi ya sa ake haƙo shi da kyan gani ya je ya ruɓe a rami, inda bakteriya suke ƙarasa aikin su kawo warin.

Da farko ba ya kashe ƙwayoyin ganyen, lallaɓa su yake yi, yana tura wasu 'yan yatsu cikinsu yana zuƙa, yana kuma zuba musu sunadarai ɗaruruwa da aikinsu shi ne kashe ƙararrawar tsaron shukar. Sai ya ƙoshi ya wuce gaba sannan wajen ya mutu ya yi baƙi. Abin da Berkeley ya gani kenan.

Gardama ta biyu: ashe ba fangas ba ne

Duk wanda ya kalle shi zai ce fangas ne, dangin fumfunar burodi da yis da naman kaza. Yana da zare, yana da ƙura mai tashi a iska, yana narkar da abinci a waje ya tsotsa. De Bary da kansa a cikin fangas ya lissafa shi, littattafai suka bi. Amma tun lokacin akwai abubuwan da ba su zauna daidai ba, kuma da aka samu manyan madubai da nazarin DNA a ƙarshen ƙarni na 20 sai abin ya fito fili.

Bangon ƙwayar fangas na gaskiya da kaitin ake gina shi, sinadarin da ke ɓawon ƙwaro da ƙaguwa. Bangon wannan kuwa akwai selulos a ciki irin na tsirrai, kaitin kusan babu. Zaren yawancin fangas kwafi ɗaya na kayan gado yake ɗauke da shi a kowace cibiya, wato ɗan ɗakin da ke cikin ƙwayar halitta inda ake ajiye kayan gadon, na wannan biyu ne kamar namu. Sannan 'yan ƙwayoyin nan masu iyo, su ne suka fi tona asiri, bulala biyu gare su, ɗaya santsi tana baya, ɗaya tana gaba mai ƙananan gashi a jiki kamar gashin tsuntsu tana jan ƙwayar. Irin wannan bulala mai gashi tambarin wani babban dangi ne daban, wanda a cikinsa akwai manyan ciyayin teku masu ruwan ƙasa da suke yin daji a ƙarƙashin ruwa, da dayatom, 'yan halittu masu ƙwaya ɗaya da suke gina wa kansu gida da gilashi. Su ne 'yan uwansa. Fangas na gaskiya kuwa, in ma yana da mai iyo, bulala ɗaya ce a baya tana turawa kamar ta maniyyi, kuma DNA ya nuna fangas ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Wato naman kaza ya fi kusa da kai mai karatu a kan kusancinsa da abin da ya cinye dankalin Ailan. Ni har yau in na tuna wannan sai na jinjina kai.

Dangin nasa ana ce musu umaisit, kuma ana jefa su cikin furotis. Kalmar furotis ɗin ma ba dangi ɗaya take nufi ba, Ernst Haeckel ne ya kawo ta a 1866 don halittun da suka ƙi shiga layin dabba ko na tsiro, ta zama kamar ɗakin da ake tara duk mai cibiya a ƙwayarsa wanda ba dabba ba, ba tsiro ba, ba fangas ba. A ciki akwai amiba, akwai ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, akwai ta ciwon barci, kuma nisan da ke tsakanin wasunsu ya fi nisan da ke tsakanin mutum da naman kaza. Rai ya kai aƙalla shekara biliyan 3 da rabi a duniya, mafi yawan wannan lokacin ba kowa sai ƙananan halittu, don haka rassan da suka rabu a cikinsu sun fi zurfi nesa ba kusa ba a kan bambancin da idonmu yake gani tsakanin giwa da bishiya. Mu da manyan halittu muka fara rabon, shi ya sa in mun zo kan ƙanana muke cusa su a akwatin da ya fi kama da su.

To me ya sa ya yi kama da fangas haka? Saboda sana'arsu ɗaya. Duk halittar da za ta ci abinci ta hanyar kutsawa cikinsa tana tsotsa, siririn zare mai rassa shi ne ya fi dacewa da ita, har wasu bakteriyar ƙasa irin su Streptomyces sun ɗauki wannan siffar alhali ba su haɗa komai da su biyun ba. Wani abin mamaki kuma, bincike ya gano cewa kakannin Phytophthora sun samu wasu ƙwayoyin gado daga fangas na gaskiya, ba ta haihuwa ba, tsallakowa suka yi daga wannan dangi zuwa wancan, kuma da yawansu na narkar da bangon tsiro ne. Kamar maƙeri ne ya ari kayan aikin maƙwabcinsa ya riƙe.

Wani zai ce to sai me, a kira shi fangas ko furotis ai ganye dai ya ƙone. Amsar tana wajen magani. Magunguna da yawa na fangas suna aiki ne ta kan wani maiƙo da ake kira agostirol wanda ke fatar ƙwayar fangas, ko su hana ƙera shi ko su manne masa su huda fatar. Phytophthora ba ya ƙera wannan maiƙon kwata-kwata, daga shuka yake samun irin wanda yake buƙata, don haka in ka fesa masa irin waɗannan magungunan ka yi asarar kuɗinka. Abin ya wuce gona ma, akwai ɗan uwansa Pythium insidiosum da yake kama dawakai da karnuka har da mutane, an fi samun masu shi a Tailan, a madubi kamar fangas yake, likita ya ba da maganin fangas ya ƙi ji, sau da yawa sai an kai ga tiyata, wani lokaci a yanke ƙafa ko a cire ido. Sanin dangin abu shi ne sanin inda za a buge shi.

Wa ya kashe mutanen

Nan dole in faɗi ra'ayina. Ƙwayar ta kashe dankali a ƙasashe da yawa, amma a Ailan ne kaɗai mutum ɗaya cikin takwas ya mutu, don haka ba za a ɗora mata duka ba. Peel ya sayo masara ta kuɗi fam dubu 100 daga Amurka a asirce a ƙarshen 1845, ta ɗan taimaka duk da mutanen ba su saba da ita ba kuma ba su da injin niƙa ta yadda ya kamata. Gwamnatin John Russell da ta hau a tsakiyar 1846, da Charles Trevelyan da ke riƙe da aikin agaji a baitulmali, sun yi imani cewa bai kamata gwamnati ta shiga harkar kasuwa ba. Aka sa mayunwata aikin fasa dutse da gina hanyoyi a tsakiyar hunturu kan ladan da bai isa sayen abinci ba, ana kuma ci gaba da fitar da hatsi da shanu daga tashoshin ƙasar, musamman a farkon yunwar kafin masarar waje ta fara shigowa da yawa. A bazarar 1847 aka buɗe wuraren dafa miya kyauta, har suka ciyar da mutum miliyan 3 a rana, wanda ya nuna ana iyawa in an so, amma cikin 'yan watanni aka rufe aka mayar da nauyin kan harajin yankunan da su kansu sun talauce. Aka kuma kafa doka cewa duk mai riƙe da fili sama da rubu'in eka ba shi da agaji sai ya saki filin. Dubban iyalai aka kora aka rushe musu gidaje.

Kuma yawancin waɗanda suka mutu ba yunwa ce ta ƙarasa su kai tsaye ba, wasu ƙananan halittun ne suka shigo ta ƙofar da ta buɗe. Zazzaɓin taifus da zazzaɓi mai komowa, duka bakteriya ne da ƙwarƙwata ke yaɗawa, suka samu yadda suke so a gidajen gajiyayyu inda aka cunkusa mutane da tsummokaran da ba a wankewa. Ga atuni, ga kwalara da ta zo a 1849. Likitoci da limaman coci da yawa da ke jinya su ma sun tafi. Waɗanda suka hau jirgin ruwa suka tafi da zazzaɓin a jikinsu, a tsibirin Grosse Île na Kanada inda ake killace masu isowa an binne sama da mutum 5,000 a 1847 kaɗai. A lokacin ba wanda ya san ƙwarƙwata ce ke ɗauke da taifus, sai a 1909 Charles Nicolle ya gano.

Bai tafi ko'ina ba

Har yau manoman dankali da tumatir a duniya suna asarar biliyoyin dala a shekara a kansa, tsakanin amfanin da ya lalace da kuɗin feshi, a ƙasashe masu laima ana iya fesa gona sau goma ko fiye a damina ɗaya. An ɗauko ƙwayoyin gado masu juriya daga wani dankalin daji na Mekziko, Solanum demissum, aka saka a na noma, ɗaya bayan ɗaya ya karya su cikin 'yan shekaru. A ƙarshen shekarun 1970 aka fito da metalaksil, magani mai ƙarfi da aka yi domin danginsa, zuwa 1980 an samu wanda ba ya jinsa, kuma Ailan tana cikin wuraren farko da aka gani. Da aka karanta dukkan DNA ɗinsa a 2009 aka ga dalili, yana da girma ƙwarai in an kwatanta da na 'yan uwansa, kusan kashi uku cikin huɗu maimaici ne, kuma makaman da yake kai wa shuka hari da su a cikin wannan yanki mai saurin canzawa suke zaune.

Yana da jinsi biyu da ake kira A1 da A2, sai sun haɗu suke yin ƙwai mai kaurin ɓawo da ke iya shekaru a cikin ƙasa, wanda kuma yake fito da sabon gauraye. Shekaru da yawa a Mekziko kaɗai aka san duka biyun suna tare, musamman kwarin Toluka, sauran duniya A1 ne kawai yake kwafin kansa. A farkon shekarun 1980 aka tsinci A2 a Turai.

Ganyayen da masana tsirrai suka tsinka a shekarun yunwar suka matse a takarda suna nan a ma'ajiyar busassun tsirrai, irin ta lambun Kew da ta Munik, da tabonsu. A 2013 aka ciro DNA daga cikinsu aka karanta, aka samu cewa wani zuri'a guda ne, aka sa masa suna HERB-1, kuma ba shi ne wani zuri'ar mai suna US-1 da aka daɗe ana zargi ba. Shi US-1 daga baya ya zo ya mamaye gonakin duniya a ƙarni na 20, kafin shi ma sababbin da suka fito daga Mekziko su ture shi. Tsibirin Ailan kuwa, kudu da arewa a haɗe, mutanensa a ƙidayar baya-bayan nan miliyan 7 ne da ɗoriya kaɗan, har yanzu bai koma adadin 1841 ba.